Ƙofar Baya

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Ni kuwa na daɗe ina jin labarin ƙonannun gidaje tun ban san dama da hagu ba, domin a Kafanchan aka haife ni, a wata unguwa da ba ta da nisa da tashar jirgin ƙasa, inda mahaifina ya yi aikin reluwe har ƙarfinsa ya ƙare. Garin namu jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a wajejen 1927, sai baƙi suka yi ta kwararowa, Ibo da Yarbawa da Hausawa, suka tarar da Fantswam da Kaninkon da sauran 'yan ƙasa, aka zauna cuɗe da juna. Amma garin ya kuma yi wani suna wanda ba mu so. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ba a haife ni ba a lokacin, sai dai na taso ina jin labarinsa a bakin manya kamar tatsuniya, haka ma na Zangon Kataf na 1992. Wanda na shaida shi ne na watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, sa'ad da babbar kasuwar garin ta ƙone. Ko shi ma hayaƙinsa kawai na hango, domin gidanmu ya tsira, kuma mahaifiyata ta kulle mu a ɗaki har ƙura ta lafa. Saboda haka ban taɓa sa ƙafa cikin tokar gidan wani ba sai a 2017.

A shekarar 2016 hare-hare sun yi yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura. An faɗa wa Godogodo a watan Oktoba, an faɗa wa Goska a jajiberin Kirsimeti, ban da ƙananan ƙauyuka waɗanda sunansu bai kai jarida ba. Mutanen ƙauyukan sun ce makiyaya ne ɗauke da bindigogi. Fulani kuma suna da nasu lissafin na rugagen da aka ƙone da shanun da aka kashe. Abin takaicin shi ne, a watan Maris na wannan shekarar ne wakilan al'ummomin yankin suka sa hannu a wata takardar zaman lafiya da aka laƙaba wa sunan Kafanchan, amma ba a rufa shekara ba aka sa dokar hana fita dare da rana.

A lokacin ina Zariya, aji uku, ina karatun Hausa. A zumuntarmu ta ɗalibai Kirista mun mai da addu'a domin kudancin Kaduna abin yi kowace Laraba, muna yi da murya mai ƙarfi, wani lokaci har da hawaye. Ran nan bayan an shafa, sai wata 'yar'uwa 'yar aji biyu, wadda ba ta cika magana ba, ta miƙe ta ce ita daga can take, kuma tana godiya, amma tana so ta tuna mana cewa a ƙasarsu ruwa yakan sauka tun a watan Afrilu, ga kuwa mutane suna kwana cikin kangaye ba rufi. Ta ce mu koma mu karanta wasiƙar Yaƙub, wadda ba ta raga wa mai sallamar mayunwaci da fatar baki ba. Ta zauna. Ɗakin ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa.

Daga nan aka fara tara baiko na musamman. Shugabanmu, wanda yake karatun fasahar gine-gine, ya zana taswirar gida mai ɗaki biyu, ya yi lissafin kwano da katako da ƙusa da siminti, ya ce abin da muka tara zai rufa gida uku in an yi tsimi. Ya kuma nuna mana hotuna a wayarsa na wata ƙungiyar Kirista ta Amurka, Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976 domin gina wa marasa hali gidaje da hannun 'yan sa kai, har da hoton tsohon shugaban ƙasarsu Jimmy Carter riƙe da guduma. Hotunan sun burge mu ƙwarai. In zan faɗi gaskiya, sun burge ni fiye da kima, domin na riga na hango kaina a cikin irinsu. Da an tsaga zuciyata a ranar da na rubuta sunana, da an sami tausayi, amma da an same shi kwance tare da son a gani, da kuma wani fushi da na daɗe ina kiwo ban san sunansa ba.

Mu goma sha huɗu muka tashi a farkon watan Afrilu, maza tara, mata biyar. Muka bi ta Kaduna da Kachia da Zonkwa, muna tsayawa a shingen sojoji bayan shingen sojoji, muka kwana a Kafanchan, washegari muka wuce ta Gidan Waya zuwa wani ɗan ƙauye a yankin Godogodo. Ba zan ambaci sunansa ba, mutanensa sun sha isasshen suna.

Abin da ya fara buga ni ba kangayen ba ne, rumbunan ne. Ɗaki in ya ƙone bangonsa yakan tsaya, amma rumbu in ya ci wuta da hatsi a cikinsa sai ya tsage ya zube, dawa da acca su dunƙule su zama gawayi, kuma ko bayan wata shida in ka tona da sanda za ka ji ƙaurin. Wani yaro ya ɗauko dunƙule ɗaya ya miƙo mini, ya ce masarar babansa ce. Na karɓa, na rasa inda zan ajiye ta, sai na sa a aljihu.

Gida goma sha ɗaya ne suka ƙone, mu kuwa na uku muka kawo. Wannan lissafi mun yi shi a Zariya a kan takarda, bai dame mu ba. A gindin mangwaro, gaban masu gidajen, sai ya zama wani abu dabam. Dattawan ikilisiya suka zauna da mai unguwa, suka daɗe suna magana da harshensu, sa'an nan suka juya da Hausa domin mu ji. Sun zaɓi wani tsoho makaho, da wani magidanci mai 'ya'ya bakwai, da wata gwauruwa da aka kashe mijinta a harin, wadda kowa yake kira Mama. Faston ƙauyen shi ma gidansa ya ƙone, a bayan majami'a yake kwana da iyalinsa, amma da aka ambaci sunansa ya ɗaga hannu ya ce a wuce. Wani mutum kuwa da bai shiga cikin ukun ba ya miƙe yana rawar jiki, ya ce shi ya rasa ɗa, ya rasa babur, ya rasa rumbu biyu, me ya rage a ƙone masa kafin a gan shi? Ba wanda ya amsa. Ya kaɗe rigarsa ya tafi, kuma har muka bar ƙauyen bai amsa gaisuwarmu ba ko sau ɗaya. Na so in ji haushinsa, abin ya ƙi.

Washegari muka gane cewa ba gini muka zo koya wa kowa ba. Abin da Amurkawa suka kafa wa ƙungiya da ofis, mutanen nan sun gaje shi kaka da kakanni, watau gayya. Tun cikin rani suka haƙa ƙasa, suka kwaɓa da ciyawa, suka buga tubali dubbai suka shanya, ba tare da sanin ko za a sami kwanon rufi ba. Mu dai lebura ne. 'Yan matanmu suka bi mata zuwa rafi ɗiban ruwa, mu maza muka kama diga da shebur da kwanon sarki. Kafin azahar hannuwana sun yi bororo, kafin la'asar sun fashe. Tsofaffin mata 'yan zumuntar mata, waɗanda suka girme wa mahaifiyata, suna wuce ni da tubali uku uku a ka, suna waƙa, suna yi mini sannu.

Birkilan ƙauyen wani dattijo ne siriri mai ƙarancin magana. A rana ta uku na matsa masa ya bar ni in ɗora tubali a gidan Mama, domin na gaji da dako, kuma a ganina aikin bai fi ƙarfin mai karatun jami'a ba. Ya ɗaura mini igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ce in bi ta. Na bi ta a jeri na farko da na biyu, daga nan na ga tana ɓata mini lokaci, na koma auna da ido. Ya bar ni har na kai jeri na shida, ina ta murna. Sa'an nan ya zo ya tsaya a kusurwa, ya kanne ido ɗaya, ya kira ni in duba. Bangon ya yi ciki kamar na mai kwashiyoko.

Na fara kawo hujja, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, bango ba ya jin Turanci. Rushe."

Na rushe da hannuna, tubali ɗaya ɗaya domin kada su karye, yara suna kallo suna ƙunshe dariya. Rabin yini ya tafi a banza, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma ta yi. A karo na biyu na bi igiya kamar makaho da ɗan jagora.

Matsalar da ba mu hango ba daga Zariya ita ce ta kafinta. Kafinta ɗaya ne a ƙauyen, shi ne kuwa mijin Mama. Birkila ya ce ya san wanda zai iya ɗora rufin uku cikin kwana huɗu, yana Kafanchan, kuma shi ne ma ya koya wa marigayin aiki tun yana saurayi. Da ya faɗi sunansa sai wurin ya ɗauki zafi, domin Bahaushe ne Musulmi. Samarin ƙauyen suka ce ba zai taka musu ƙasa ba, wai zai zo ya ƙirga gidaje ya kai rahoto. Wasu daga cikinmu suka goyi bayansu, suka ce kuɗin baiko ne, ba a kai shi waje. Ni ban yi magana ba, amma zuciyata tana tare da su. An kai ruwa rana, har aka ce a tambayi Mama tunda rufinta ne.

Tana tankaɗe a bakin bukkar zana da take kwana. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mutumin nan ya ci tuwona ya fi a ƙirga. Da aka yi makoki ya aiko da goro da kuɗin sabulu, hanya ce ba ta biyuwa. In ya yarda ya zo, ku bar shi ya rufa mini ɗaki."

Ya yarda. Mai unguwa da kansa ya je ya ɗauko shi a kan babur, da jakar kayan aikinsa da almajirinsa ɗaya. Dattijo ne mai furfura a gemu, da fensir maƙale a bayan kunne. Ya durƙusa ya yi wa Mama ta'aziyya, suka daɗe ba wanda ya ce uffan, sa'an nan ya tashi ya nemi katako. Aka ba shi ni a matsayin mai miƙo kaya. Da dare kuwa biyu daga cikin samarin suka ja ni gefe, suka ce tunda ina kusa da shi in sa masa ido, in ga wa yake kira a waya, ina yake dubawa. Na amsa musu da to. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyin rubutawa, amma haka aka yi. Yini guda ina bin sa da ido, har lokacin da ya zaga bayan bango ya shimfiɗa buhun siminti ya yi sallar azahar ina laɓe ina kallo.

Da ya idar ya hau tsani, ya dube ni daga sama ya ce, "Ɗan makaranta, in gadina aka sa ka, ba laifi, aikinka ne. Amma riƙe mini bakin katakon nan kana gadin, kada a yi asarar hannu biyu."

Na riƙe. Kunya ta hana ni ɗaga kai har ya gama buga ƙusoshin.

Kowace yamma bayan tuwo mukan taru a majami'a, wadda ita ma rabin rufinta ya tafi, a yi sujada. Da Hausa ake yin kome, karatu da wa'azi da waƙa daga Littafin Waƙoƙi. Sau da yawa a Zariya akan tambaye ni, daga ɓangarorin biyu, me ya kai ɗan kudancin Kaduna karatun Hausa. 'Yan'uwana kan ce harshen waɗanda suka danne mu ne, abokan karatuna kuma kan yi mamakin jin karin magana a bakina. Amsar tana cikin wannan majami'a. Tun da masu bishara na SIM suka zauna a Kwoi a 1910, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen da Bajju da Ham da Atyap da Ninzo suke haɗuwa a cikinsa gaban Allah. Da ita aka yi wa kakata baftisma, da ita aka binne ta. Mama ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma tana karanta Littafinta na Hausa da yatsa a kan layi. Malam kafinta kuwa yakan zauna a waje kan gungume yana jan carbi, kalmomin suna fitowa ta inda rufi ya ɓalle suna iske shi: Ubangiji, gafara, alheri, tuba, jinƙai, lahira. Babu ɗaya da yake buƙatar a fassara masa.

A makon nan fasto littafin Nehemiya yake bi da mu, labarin mutumin da ya koma Urushalima ya sake gina garunta cikin kwana 52. Samari sun fi son wurin da magina suke aiki da makami a kusa, in an zo nan har gyara zama suke yi. Shi kuwa fasto ya fi daɗewa a babi na biyar, inda Nehemiya ya tsawata wa manyan mutanensa saboda suna karɓe gonakin 'yan'uwansu matalauta da sunan bashi. Ya ce a ƙauyen nan ma an fara sayen gonar wanda wuta ta ci da rabin kuɗi, kuma ba baƙo ne mai sayen ba. Wasu dattawa suka sunkuyar da kai.

A rana ta shida, bango ya kai linta, Malam yana shirin ɗora katakon rufi, sai Mama ta shigo gidan tana dogara sanda. Ta zaga ɗakin farko, ta shiga na biyu, ta tsaya gaban bangon baya, wanda na gina sau biyu, ta dafa shi. Ta ce, "Ina ƙofar nan?"

Na nuna mata ƙofar gaba. Ta ce ba ita ba, ta baya, wadda za ta fita wajen daji. Shugabanmu ya buɗe taswira ya yi mata bayani cikin ladabi cewa ƙyaure shida muka saya, biyu biyu ga kowane gida, babu rara, kuma huda bangon da ya riga ya tashi zai raunana shi. Ta saurara, ta ce ita dai a yi mata ƙofa ko da ta zana ce.

A nan ne na ga dama ta samu ta yin hidimar da na zo yi. Na matso na ce mata, "Mama, ki ba da gaskiya. Allah da ya tsare ki a wancan dare shi zai tsare gidan nan. Wannan sabon gida ne, kada mu gina tsoro a cikinsa." Na kawo aya, na ƙara da wata. Ina jin daɗin muryata.

Ta bar ni na gama, kamar yadda birkila ya yi. Sa'an nan ta ce, "Ɗana, ka yi gaskiya, Allah ne ya tsare ni. Amma ta taga ya fitar da ni, da jikata goye a baya, na faɗa kan turmi, ƙuguna har yau bai koma daidai ba. Maigidana ƙofa ɗaya gare shi, a bakinta suka same shi. Ban ce Ubangiji ba zai sake cetona ba. Na tsufa da hawan taga ne. Ai ko Yusufu, da aka ce masa ya tashi cikin dare ya gudu da Yaron da uwarsa zuwa Masar, bai tsaya wa'azi ba."

Ban sami abin cewa ba. Ayoyin da na kawo gaskiya ne, har gobe ina riƙe da su, amma na ɗauko su ne kamar yadda na ɗauko tubali a rana ta uku, ba igiya.

Malam yana kan tsani, duk ya ji. Ya sauko a hankali, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya je bangon ya zana layi huɗu, ƙofa gajera wadda sai an sunkuya, a kusurwar da ke fuskantar gonar rogo. Ya ce da shugabanmu kada ya damu da ƙyaure, guntayen katako sun isa, linta kuma zai sa mai kauri. Sa'an nan ya miƙo mini guduma da kurfi ya ce, "Kai ka gina, kai ka san inda za ka taɓa."

Ina sassaƙe tubalin, yana tsugune a gefe yana daddale wani tsohon kwano da wuta ta lanƙwasa. Ba tare da na tambaya ba ya ce shi ma an ƙone masa gida a 2011, da shagonsa a kasuwa. 'Ya'yansa ta kan katanga aka miƙa su gidan maƙwabci, ƙaramar ta karye a hannu. Da ya sake gini, ƙofar baya ya fara tsagawa kafin ta gaba. Ya ce, "In ka shiga unguwarmu ko taku, ka lura. Duk gidan da ka ga sabon kwano, zaga bayansa." Ni da na taso a garin, na wuce irin waɗannan gidaje sau ɗari, ban taɓa zagawa ba.

Ya haɗa ƙyauren, ya sa sakata ta ciki kaɗai, ba mariƙi a waje. Ya ce wa birkila in an zo yaɓe a shafe bayansa da ƙasa, yadda mai wucewa zai ɗauka bango ne. Daga ƙarshe ya aiki yaro wurin Mama ya karɓo man ja a murfin kwalba, ya ɗiga a maƙalan ƙyauren, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana kasa kunne, har sai da ƙarar ta ɗauke ɗungum. Ya ce mata ta riƙa ɗigawa duk wata. Ba a kwana ba matar mai 'ya'ya bakwai ta zo ta ce su ma haka, tsoho makaho ya aiko jikansa da irin wannan saƙo.

Ruwan da muke gudu ya same mu a dare na takwas. Gida biyu sun sami rufi, na ukun katako kawai aka ɗora. Iska ta fara, sai ƙauyen duka ya fito da fitilu da tocila, ana jan tamfal da zana da tsofaffin buhuna ana rufe kan bango, ana danne su da duwatsu. Na ga Malam a sama cikin walƙiya yana ɗaure tamfal, ɗaya daga cikin samarin da suka sa ni gadi yana riƙe masa tsani. Ban ce sun shirya ba, tsani dai yana bukatar mai riƙewa. Duk da haka kusurwa ɗaya ta jiƙe ta zauna, aikin kwana biyu ya koma laka. Saboda haka ba mu gama gida na uku ba. Ranar Alhamis, 13 ga Afrilu, muka yi sallama, muka bar birkila da Malam da mutanen gari a kansa. Hoton da na ci buri ban ɗauka ba, wayata ta mutu tun rana ta biyu, babu inda za a yi caji.

Na tsaya Kafanchan yin Ista a gida. Daren Asabar, 15 ga wata, jajiberin Ista, aka kai hari ƙauyen Asso, a cikin ƙaramar hukumar Jama'a, aka kashe mutane fiye da goma. Da asuba na ari wayar mahaifina na yi ta neman mai unguwa, sai a kira na biyar ya ɗauka. Ya ce lafiya lau, ba a zo wajensu ba, amma da labari ya iso cikin dare kowa ya fita, a gonakin rogo aka kwana. Na tambayi Mama. Ya ce ita ta riga kowa fita, ita da jikarta, ba wanda ya ji motsinta, kuma ga ta can ta dawo tana shara a majami'a, za a shiga sujada ƙarfe takwas.

Malam yana nan da shagonsa. In na je gida nakan bi ta wurin mu gaisa, ya tambaye ni karatu, in tambaye shi aiki, har yau kuwa ɗan makaranta yake kirana ko da yake na daɗe da gamawa. Sau da yawa na shirya in roƙe shi gafarar gadin da na yi masa, in na buɗe baki sai ya jawo wata hira.

Na koma ƙauyen sau ɗaya, a Kirsimetin 2019. Gidajen da suka rage duk sun tashi, wasu da kwano, wasu da jinka, har da na mutumin da ya ƙi gaisuwarmu, wanda a wannan karon ya amsa, a taƙaice. Mama ta ƙara tsufa. Ta ba ni kunu da gyaɗa, ta tambayi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya, tana kwatanta su da kamanninsu domin sunayen sun ɓace mata. Da zan tafi na nemi izini na zaga bayan gidan. Sai da na lalubi bangon da hannu kafin na gane wurin, domin ta sake yaɓe shi, ta kuma shuka kabewa ta hau kansa. Daga ciki na ji ta zare sakata. Ƙyauren ya buɗe ba ƙara, ta sunkuyo da kai, da gashin kaza a hannunta jiƙe da man ja, ta ce in matsa in ba ta haske.